Daga ajiyar zumunci zuwa hayar mangaza: Yadda wurin ajiye kaya ya zama abin nema a Yamai

A gefen titunan unguwannin Bukoki, Wadata, Talaje da Lazare a birnin Yamai, akwai jerin ɗakuna masu ƙofar ƙarfe da aka gina a jikin katangar gidaje. Wasunsu shaguna ne, ana buɗe su da safe a rufe da dare. Wasu kuwa sai a yi wata da watanni ba a ga an taɓa kwaɗon da ke ƙofarsu ba. Ba mai saye, ba mai sayarwa, ba mai kwana a ciki, amma duk ƙarshen wata akwai wanda ke biyan kuɗin hayarsu.

Abin da ke ciki kaya ne: gado da katifa da kujerun ma'aikacin da aka tura aiki Difa ko Agadez, firji da talabijin na iyalin da ruwa ya kora daga bakin kogi, katan-katan na ɗan kasuwar da rumfarsa ba ta iya ɗaukar abin da ya saro, ko tayil da ƙofofin da wani mazaunin Abijan ko Paris ke tarawa don gidan da bai gama ginawa ba. A Nijar ana kiran irin wannan ɗaki mangaza, a Kano da Katsina kuma a ce sito.

Hayar mangaza ba baƙon abu ba ce ga 'yan kasuwa. Abin da ya sauya shi ne yadda magidanta, ma'aikata, ɗalibai da mazauna ƙasashen waje suka shigo sahun masu nema. Sai dai yayin da buƙatar ke ƙaruwa, yawancin cinikin da baki ake yin sa, babu takarda, babu inshora, kuma a ɗakunan da ba don ajiya aka gina su ba. Mai kaya yana biya, amma ranar da asara ta zo, galibi shi kaɗai ke ɗauka.

Lokacin da ajiya kyauta ce

Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana, kuma sun daɗe da sanin yadda ake yin ta. A ƙauye akwai rumbu, wanda ake ɗora shi a kan duwatsu don kada danshi da gara su kai ga hatsi. A hanyoyin fatauci kuma akwai mai masauki, wanda a zangunan Hausawa na Salaga, Kumasi da Ibadan shi ke saukar da fatake, ya ajiye musu goro da sauran haja, ya kuma tsaya musu wajen ciniki. Yamai ma tana da tata unguwar Zango, a tsakiyar tsohon gari.

A cikin gida kuwa, ajiya hakki ne na zumunci. Wanda zai yi tafiya sai ya kai akwatinsa ɗakin mahaifiya, ya jingine babur a zauren yaya, ya bar katifa wurin aboki. Ba a maganar kuɗi, ambatonsa ma abin kunya ne. Gidajen da, masu faɗin tsakar gida da ɗakuna barkatai, ba su rasa lungun da za a tura kayan ɗan'uwa.

Wannan tsari ne girman birni ya matse. Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Zinder a 1926, mutanenta ba su wuce kimanin dubu 30 ba lokacin samun 'yancin kai a 1960. Ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan ɗaya, kuma tun daga nan birnin bai daina faɗaɗa ba. Da yawa daga cikin manyan gidajen gado an raba su tsakanin magada, ko an yayyanka su zuwa ciki da falo ana ba da haya. Zauren da a da ake jibge kayan dangi, yau an fasa masa ƙofa ta waje ya koma shago.

Matashin da ke zaune a ciki da falo da mata da 'ya'ya uku ba shi da inda zai sa kujerun wansa, ko da yana so. Shi ma wan ya san haka, don haka ba ya tambaya. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa a fili ba: kayan da aka bari a gidan dangi ba su cika zama yadda aka bar su ba. Baƙi sun zo, sai a shimfiɗa musu katifar. Biki ya taso, sai a ari kujerun. Firjin gida ya lalace, sai a jona na ajiya kafin a gyara. Mai kaya ya dawo ya tarar da su sun sha jiki, kuma ba shi da bakin magana, tun da alfarma aka yi masa. Mutane da dama sun gwammace su biya baƙo, su riƙe makullinsu, da su ɓata da ɗan'uwa a kan tukunyar gas.

Idan kogi ya tashi

Babu abin da ke tura mutanen Yamai neman wurin ajiya cikin gaggawa kamar ruwa. Kogin Neja, wanda ake kira Isa ko Kwara, yana cika sau biyu a shekara a daidai birnin. Cikar farko tana zuwa a watannin Agusta da Satumba, lokacin da koramu irin su Sirba, Dargol da Gorouol ke kwararo jan ruwa daga ɓangaren Burkina Faso. Ta biyu, wadda ruwanta ke tasowa daga tsaunukan Gini, tana isowa ne cikin sanyi. Ta farkon ce ta fi ɓarna, domin tana zuwa da sauri, a daidai lokacin da ruwan sama ya riga ya jiƙa ginin ƙasa.

Hukumomi na auna tsayin ruwan a Yamai, kuma idan ya kai santimita 620 an shiga matakin gargaɗi mafi tsanani. A farkon Satumban 2020 ruwan ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan. Katangar kare ruwa ta Lamorde ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassan Harobanda da suka haɗa da Lamorde, Karaje da Kirkisoye, ya kuma shiga Saga a ɗaya gaɓar. An fara tsugunar da dubban mutane a ajujuwan makarantu, daga baya aka kai wasu tantuna a filin sukuwa da sansanin Gamou.

Aji ko tanti na ɗaukar mutum da tabarmarsa, amma ba ya ɗaukar kabad, keken ɗinki, injin niƙa ko buhunan shinkafar da manomin fadamar Saga ya girbe. Iyalin da suka yi sa'ar fitar da kayansu a kwalekwale ko amalanke, tambaya ta gaba da ke jiransu a kan tudu ita ce ina za a sauke. Masu dangi a unguwannin tudu sun rarraba kayan gida-gida. Masu ɗan hali sun kama mangaza. Waɗanda ba su da ko ɗaya sun jibge a bakin titi sun rufe da tamfol, wani ya kwana yana gadi, ko kuma sun sayar a farashin da mai saye ya ga dama.

Daminar 2024 ta sake tuna wa mutane wannan darasi. A faɗin ƙasar ambaliya ta kashe mutum fiye da 300, ta shafi sama da miliyan ɗaya, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A watan Agusta ruwa ya yanke hanyar Yamai zuwa Dosso a daidai Sorey, manyan motoci suka yi cirko-cirko da kaya a kansu. Wanda ya taɓa ganin haka ba ya jiran a yi shela. Akwai mazauna bakin kogi da yanzu suke kwashe kaya masu daraja zuwa tudu tun daga watan Yuli, su zauna da tabarma da tukwane kawai har ruwa ya ja. A wurinsu hayar mangaza ta wata uku ko huɗu ta shiga lissafin damina, kamar gyaran rufi da sayen gidan sauro.

Gobara, rusau da rufe iyaka

Su ma 'yan kasuwa suna da nasu tarihin da ya koya musu kada su tara dukiya wuri guda. Babbar kasuwar Yamai, Habu Bene, ta ƙone ƙurmus a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai a 1987, kuma wuta ta sake cin wani sashenta a 2009. Ƙaramar kasuwa, Habu Ganda, ta ƙone a 2012, ba a kuma mayar da 'yan kasuwar wurin ba. Duk wanda ya ga jarinsa na shekaru ya zama toka a dare ɗaya, ko ya ga na maƙwabcinsa, ya san amfanin barin samfuri a rumfa, a ɓoye sauran a wata unguwa.

A 2016 kuma hukumomin jihar Yamai, a zamanin gwamna Hamidou Garba, suka ƙaddamar da rusa rumfuna da shagunan da aka kafa a bakin tituna, a shirye-shiryen gyara birnin kafin taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Masu rumfunan da dama sun koma talla a hannu, a baro ko a bayan babur. Mai irin wannan sana'a ba shi da ƙofar da zai kulle da dare, dole ya nemi inda kayansa za su kwana. Shi ya sa a kewayen Katako, Wadata da babbar kasuwa ake samun mangaza guda da mutum biyar ko goma suka haɗa kuɗi suka kama, kowa da kusurwarsa, ko mai gadin da ake ba wani abu kullum ya kula da teburan da aka ɗaure da igiya.

Sauyi mafi girma na baya-bayan nan ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakokin Benin da Najeriya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, wadda ta nan ne mafi yawan kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano ke shigowa. Kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, a ayarin ɗaruruwan motoci da sojoji ke rakiya saboda matsalar tsaro.

Wannan ya sauya yadda kaya ke isowa. A da ɗan kasuwa na iya saro kaɗan-kaɗan, mota ta iso cikin kwanaki, ya sayar ya sake aikawa. Da aka koma tsarin ayari, sai a yi makonni ana jira, sa'annan kaya su sauka gaba ɗaya a ofishin duwan. Wanda bai san ranar da ayari na gaba zai zo ba, dole ya sayi da yawa, wanda ya sayi da yawa kuma dole ya nemi inda zai zuba. Haka abin yake gabanin azumi da babbar salla, lokacin da ake tara sukari, madara, mai, dabino da atamfofi. Manyan 'yan kasuwa suna da nasu manyan mangazu. Matsakaita da ƙanana, da matan da ke sayar da kaya ta WhatsApp da Facebook ba tare da shago ba, su ne ke gogayya da magidanta wajen neman ƙananan ɗakuna.

Masu tafiya da masu dawowa

Ga mazauna ƙasashen waje, mangaza wani sashe ne na shirin komawa gida. Ɗan Nijar da ke aiki a Akara, Abijan, Tripoli, Brussels ko Greensboro ta Amurka yakan sayi fili a bayan gari, ya riƙa gini a hankali, bana harsashi, baɗi bango. Kayan da ya ci karo da su cikin rahusa, irin su tayil, famfuna, wayoyin lantarki, faifan sola da kujeru, yakan haɗa su da na wasu a kwantena guda ya turo. Kayan sukan riga ginin kammaluwa da shekara biyu ko uku. Barin su a kangon gini gayyatar ɓarayi ne, kai su gidan dangi kuma kowa ya ga abin da aka turo, buƙatu su biyo baya. Sai a kama ɗaki, a riƙa turo kuɗin haya ta Nita, Amana ko Al Izza, a bar makulli hannun mutum ɗaya da aka yarda da shi.

Rauni a nan shi ne nisa. Mai kaya bai taɓa ganin ɗakin da idonsa ba, hoto kawai aka tura masa. Bai san ko rufin na yoyo ba, bai san ko kuɗin da yake turowa na isa ga mai ɗakin ba. Labarin da aka fi ji shi ne na wanda ya sauka a filin jirgin Diori Hamani da murnar tarewa a sabon gida, sai ya tarar ana bin sa hayar wata takwas, ko ya ƙirga katan ya ga sun ragu, mai riƙe da makulli kuma ɗan'uwa ne da ba a iya kai shi ƙara. In ji masu iya magana, an ba kura ajiyar nama.

Ma'aikacin gwamnati, malamin makaranta, jami'in lafiya ko soja da aka yi wa canjin wurin aiki, nasa lissafin daban ne. Ba zai iya biyan hayar gida biyu ba, ɗaukar kaya zuwa Difa, mai nisan fiye da kilomita 1,300, kuɗi ne mai yawa, kuma bai san ko shekara ɗaya zai yi ko biyar ba. Sai ya saki gidan, ya tura iyali wurin iyaye, ya tattara kayan a ɗaki guda mai rahusa. Irin wannan ya faru da ma'aikatan ƙungiyoyi da ofisoshin ƙetare da dama bayan 2023, lokacin da sojojin Faransa suka fice a Disamban shekarar, ofishin jakadancinta ya rufe, sojojin Amurka suka bi baya a 2024, wasu ayyukan tallafi kuma suka tsaya. Wanda albashinsa ya yanke ya bar babban gida ya koma ƙarami, amma bai son rabuwa da kayan da ya tara, yana sa ran al'amura za su gyaru.

Akwai ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da na makarantu masu zaman kansu, waɗanda idan dogon hutu ya zo sukan haɗa katifu, fanka da littattafai a ɗakin mutum ɗaya, su raba kuɗin hayar kafin su tafi Maradi, Tawa ko Zinder. Akwai kuma iyaye mata masu tara kayan ɗakin 'ya'yansu shekara da shekaru. Kwanuka da zannuwa na shiga ƙarƙashin gado, amma gadon zamani, kabad da kujeru ba su da wurin ɓuya a ciki da falo. Wasu kan biya kafinta ko mai shago su bar kayan a wurinsa har ranar jere, wanda shi ma wata ajiya ce da ba ta da takarda.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Mazauna Turai da Amurka sun san wannan harka a wata siffa dabam. A Amurka ta bunƙasa a jihar Texas cikin shekarun 1960, kuma kamfanin Public Storage da aka kafa a California a 1972 ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Yau akwai wuraren ajiya na haya kusan 50,000 a ƙasar, kuma kimanin gida ɗaya cikin goma na biyan hayar irin wannan ɗaki. A Turai akwai Shurgard, a Afirka ta Kudu kuma akwai Stor-Age, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta Johannesburg a 2015.

Masu wannan sana'a sun daɗe da lura cewa abubuwan da ke kawo musu ciniki su ne mutuwa, mutuwar aure, ƙaura da komawa ƙaramin gida. A can mutum na zaɓar girman ɗaki, ya sa hannu a yarjejeniyar wata-wata, ya sa kwaɗonsa, akwai kyamara da mai gadi, galibi kuma ana neman ya yi wa kayansa inshora. Idan ya daina biya, doka ta tsara wa'adi da sanarwa kafin a yi gwanjon kayan, abin da shirin talabijin na Storage Wars ya mayar abin kallo tun 2010.

A Yamai, wanda ya fi kusa da wannan tsari shi ne ajiyar da kamfanonin kwashe kaya na ƙasa da ƙasa ke yi wa jami'an diflomasiyya da manyan ma'aikata, a farashin da ya fi ƙarfin talaka. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 na sefa, abin da ya rage wa mafi yawan mutane shi ne shagon da bai samu ɗan haya ba, garejin da babu mota, ɗaki a gidan da ba a gama ba, ko tsohuwar kwantena da aka ajiye a fili. Farashi ba shi da ƙa'ida, ya danganta da unguwa, kusanci da kasuwa, bakin dillali da kuma yadda mai nema ya matsu.

Abin da ake tararwa idan an buɗe ƙofa

Ɓarawo ne kowa ke tsoro, amma ba shi ya fi yin ɓarna ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai na haura digiri 40, cikin kwantenar ƙarfe ko ɗaki mai rufin kwano marar taga kuwa ya fi haka nesa. Katifa na ruɓewa, fatar kujera na tsagewa, roba na lanƙwashewa, batura na mutuwa, magunguna da kayan shafa na lalacewa ba tare da an gani a ido ba.

Damina na zuwa da nata. Ƙofar mangaza da ke daidai da titi, ruwan sama na awa ɗaya ya isa ya shigar mata da laka. Siminti da aka ajiye a ƙasa yana daskarewa ya zama dutse, tufafi su yi fumfuna. Gara na shigowa ta tsagar daɓe, ta cinye ƙafar kabad, littattafai da takardun shaida, ta bar fenti a tsaye kamar ba abin da ya faru. Inda aka haɗa kayan ɗaki da buhunan abinci, ɓera ya samu gida. Da hunturu kuma ƙura na shiga ko'ina, har cikin injin firji.

Sai haɗarin maƙwabta. Mai ajiye kayan aure bai san cewa ɗakin da ke jikin nasa jarkokin fetur ne a ciki ba, ko kuma an ja wayar lantarki ta saman rufinsa. Shi ma mai ɗakin yana da abin tsoro. A halin tsaron da ake ciki, da yadda hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ke kama kaya, duk wanda ya ba da ɗakinsa bai san abin da aka zuba ba, yana iya samun kansa yana amsa tambayoyin da ba shi da amsarsu.

Haya ce ko ajiya?

Yawancin rigingimun da ke kai mutane gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda daga tambaya ɗaya suke tasowa, wadda ba a yi ta ba ranar ciniki: ɗaki aka ba da haya, ko kaya aka karɓa ajiya? Mai ɗaki yana ganin bango da ƙofa kawai ya bayar, abin da ke ciki ba ruwansa. Mai kaya yana ganin tun da yana biya, kuma mai ɗakin na kwana a gidan, to amana ce a wuyansa.

Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta bambanta biyun. A haya, nauyin mai ɗaki shi ne ya ba da wuri mai kyau ya kuma gyara abin da ya lalace a ginin. A ajiya, wanda ya karɓi kaya wajibi ne ya kula da su ya mayar da su. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai shi ma ya yi bayanin ajiya filla-filla: wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta, sai idan ya yi sakaci ko ya yi amfani da kayan ba da izini ba. Idan kuma ɗan kasuwa ne ya kama wurin don sana'arsa, dokokin OHADA na hayar wurin sana'a, waɗanda Nijar ke aiki da su, suna iya shigowa.

Duk wannan ba ya amfani idan babu shaida. Wanda bai rubuta abin da ya ajiye ba, ba zai iya tabbatar da abin da ya ɓace ba. Haka nan idan mai ɗaki ya rasu magada suka zo rabo, ko aka sayar da gidan, sabon mai shi bai san da wata magana ba. A ɗaya ɓangaren, mai ɗakin da aka daina biya ba shi da ikon fasa kwaɗo ya sayar da kayan mutane da kansa, hanyar doka ita ce kotu da jami'in da ake kira huissier. Amma da yawa ba su bi ta nan, ko dai su fasa, ko su zauna da ɗaki a kulle shekara guda ba haya ba mai kaya.

Waɗanda suka taɓa ƙonewa sun koyi wasu dabaru. Suna zuwa duba ɗaki washegarin ruwan sama, ba da rani ba. Suna neman wanda daɓensa ya ɗara titi tsawo, mai ƙaramar tagar shan iska. Suna jera katako ko bulo kafin su ɗora kaya, su bar tazara da bango, su zuba maganin gara, su kuma raba abinci da kayan ɗaki. Takardun fili, shaidar karatu da zinariya ba su shiga mangaza ko kaɗan. Suna rubuta jerin kaya, su ɗauki hoto, su yi takarda ko da shafi ɗaya ce da sa hannun shaidu biyu, a faɗi kuɗi, wa'adi, wanda ke riƙe da makulli da abin da za a yi idan an yi jinkirin biya. Mazauna waje kan tura kuɗin kai tsaye ga mai ɗakin su adana rasit, su kuma sa wani dabam da mai makulli ya leƙa duk bayan wata biyu. Kamfanonin inshora irin su SNAR-Leyma, CAREN da SUNU suna da tsarin gobara, ko da yake ƙananan masu ajiya ba su cika tunkararsu ba.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowa ya yi tun farko. Kujerun da aka biya wa haya shekara uku, sau da yawa kuɗin hayar ya zarce darajarsu, ga shi kuma yayinsu ya wuce. Wani lokaci sayarwa a Katako a riƙe kuɗin ya fi ajiyar riba.

Abin da ke a fili shi ne dalilan da ke tura mutane neman mangaza ba masu gushewa ba ne nan kusa. Gidaje na ƙara matsewa, matasa na ci gaba da fita da dawowa, kogi kuma zai sake cika a watan Agusta. Masu filaye a unguwannin tudu da ke tunanin abin da za su gina, da matasan da suka ga yadda ake wannan sana'a a waje, suna da kasuwa a gabansu: ɗakuna masu tsayin daɓe, da iska, da mai gadi, da takarda. Hukumar birnin Yamai ma tana da rawar takawa, musamman wajen hana ajiye fetur a tsakiyar gidaje, da tanadar wurin da waɗanda ambaliya ta kora za su sauke kayansu, ba jikinsu kaɗai ba. Kafin a kai ga haka, dukiyar iyalai da dama za ta ci gaba da kwana a bayan ƙofar ƙarfe, ba abin da ke tsaron ta sai kwaɗo da alkawarin baki.